Tallan Jirgin Hamani

Da wuya mako ya wuce ba a samu saurayi ko budurwa sun tarar da ni a rumfar mai shayi ta bakin tasha ba. Su gaishe ni, su tambayi gida, su yi ta kewaye-kewaye, can sai maganar ta fito: "Baba Ummaru, so muke ka koya muna tallan murya. An ce ana samun kuɗi a shafin intanet, kuma ai magana ce kawai." Magana ce kawai! Ni dai ba na jin haushi, dariya suke ba ni. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, sai dai shi ɗan kallo naman yake gani. To, ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake, da yadda ya kusa kuɓuce mini gaba ɗaya a shekarar da aka rufe gadar kan iyaka.

Shafin da nake wa aiki na Ramatu ne, ɗiyar wani mai kamiyo, wato babbar motar kaya, a nan Gaya. Ta yi karatu a Yamai, ta dawo ta buɗe shafi mai faɗin farashin kaya a kasuwarmu da ta Malanbil da ke ƙetaren gulbi: albasa, gari, masara, man ja, busasshen kifi. Da yake ƴan kasuwa da direbobi ba su da lokacin karatu, sai ta sa abin cikin murya. Ka danna a salularka, ka ji nawa buhu ya kwana. Kafin farashin ya fara, akwai ɗan fili na sakan ashirin zuwa talatin, kuma wannan ɗan filin shi ne gonata. Ɗan kasuwa ya biya a sa tallansa na mako ko na wata, Ramatu ta ɗauki rabon shafi, ni in ɗauki na murya. Ta taɓa gwada irin tallan da manyan kamfanoni ke turowa da kansu, sai ga Faransanci yana yi wa masu albasa tallan otal a wata ƙasa da ko sunanta ba su sani ba. Abin da ya shigo bai kai kuɗin shayi da burodi ba, ta cire shi.

Aikina na farko ba a waya na yi shi ba, a kan keke na yi shi. Na zo Gaya daga Zabori ina saurayi, na faɗa hannun Baba Gado mai shela, mutumin da in ya yi gyaran murya a bakin kasuwa har masu kifi na bakin gulbi sai sun ɗaga kai. Kayan aikinsa lasifika guda da batirin mota da ake ɗaurewa a bayan keke. Wata rana wani baƙo ya ba ni kuɗi in yi shelar man ja, gwangwani-gwangwani, ya ce daga kudu ya taso. Ban buɗe ko guda ba, na hau keke na cika gari da yabo. Mata suka saya, suka je gida suka tarar rabin kowane gwangwani ruwa ne, man yana sama kawai. Baba Gado bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Ya ɗaura mini batir da kansa, ya ce, "Duk inda ka bi jiya, bi yau. Ka hwaɗa musu kai Ummaru ka yabi abin da ba ka gani ba." Na zaga Gaya unguwa-unguwa ina tona wa kaina asiri da lasifika, mata na leƙowa ta katanga suna yi mini guɗa. Tun daga ranar ban sake tallan abin da ban gani da idona ba, ko ban taɓa ba, ko ban ɗanɗana ba. Gani ya kori ji, haka ya koya mini, kuma a kan haka mutanen garin nan suka riƙe muryata.

Tallan farko da na yi wa Ramatu na wata Hajiya ce mai sayar da gari. Na je na damƙi garin, na jiƙa shi, na sha, na tabbatar ba tsakuwa. Na dawo Ramatu ta miƙo mini mikro, abin ɗaukar murya, ɗan ƙarami kamar kan muciya, ni kuwa na buɗe maƙogwaro yadda na saba shekara talatin. Sai na ga ta fizge abin kunnenta tana runtse ido.

"Baba, don Allah! Ba kasuwa kake wa magana ba, kunne guda kake wa magana. Mutum shina kwance bisa tabarma, waya na bisa ƙirjinai."

Wannan shi ne karatun da ya fi ba ni wuya, kuma ku ma shi zai ba ku. Mai lasifika ba a tsere masa, ko kana so ko ba ka so sai ka ji shi. Mai salula kuwa yatsansa na kan abin dannawa, in ka gundure shi a numfashin farko ya wuce ka, kuma shafin yana nuna wa Ramatu mutum nawa suka saurara har ƙarshe, nawa suka gudu. Ba ka da wurin ɓuya. Sai da na koyi yin magana kamar ina gaya wa aminina sirri. Na koyi fara gaisuwa kafin ciniki, da Hausa ga masu Hausa, da Dandanci ga Dandawa, don mutumin nan ba ya sayen kayan wanda bai ce masa fofo ba, wato sannu da Dandanci. Na koyi faɗin wurin da kanti yake ta hanyar da direba zai gane, kusa da mai walda, bayan masallacin ƴan taya, ba da sunan titi ba.

Kuna tambaya wane irin ɗaki ake bukata. Mun gwada biron Ramatu, wato ofishinta, murya ta riƙa dawowa daga bango kamar ana magana a cikin tulu. Mun gwada gidana, zakaran maƙwabta ya shiga tallan maganin sauro har sau uku. Daga ƙarshe na gano ɗakin ajiyar wani mai sayar da katifa a bayan kasuwa. In ka shiga tsakanin katifu aka ja ƙofa, ko kabu-kabu goma suka wuce ba ka jin su. Zafi dai kamar tanderu, kuma ba damar kunna fanka, don mikro na kwashe kukanta. Ina sa wa mikron safa wankakkiya saboda kada iskar baki ta buge shi. Ba na shan ruwan sanyi ranar aiki, sai citta da kanumfari da ɗan zuma. Talla guda na sakan ashirin yakan ci mini awa biyu, in fito jiƙe sharkaf mai katifa na tambayata ko dambe na yi a ciki. Amma ranar da Hajiya mai gari ta aiko mini da kwano cike, ta ce direbobi na zuwa suna cewa a waya suka ji ta, daɗin da na ji har rawa na taka a ƙofar gida.

Haka muka yi shekaru muna cin daɗinmu. Masu gareji, masu taya, masu masaukin direbobi, masu sayar da buhunan albasa, kowa na son a ji shi kafin farashi. Har na sayar da lasifikar da na gada daga Baba Gado, don gwiwa ta daina yarda da keke.

Sai shekarar da aka rufe gada ta zo. Ba sai na ba ku labarinta ba, kun gani da idonku. Kamiyo suka yi layi har ido ya gaji, albasa ta ruɓe a cikin buhu, mai taya ya zauna yana korar ƙuda. Wanda ba ya ciniki ba ya talla. Ɗaya bayan ɗaya suka janye, har aka wayi gari farashi na fitowa tsirara, ba kowa a gabansa. Ramatu ta same ni a ɗakin katifu, ta zauna a kan wata, ta ce, "Baba, shafi shina cin kuɗi ko da talla ko babu. In watan ga ya mutu ba mu samu mai tsayawa da mu ba, ruhe shi za ni yi, in koma Yamai in nemi aikin biro." Ban ga laifinta ba. Amma ni in shafin ya rufe, sana'ata ta rufe ke nan, ba lasifika, ba gwiwa, kuma ba wanda zai ɗauki tsoho aikin biro.

Saura kwana goma sha biyu wata ya mutu sai ga Hamani. Hamani Basarke ne, kakanninsa duk a kan ruwa suka rayu, kuma tun da gada ta rufe jirginsa mai inji ya zama hanyar masu zuwa ƙetare: mata ƴan kasuwa, masu zuwa biki, masu dangi a Malanbil. Sai dai mutane da yawa na tsoron jirage, don akwai masu cika su har ruwa na lasar baki. Hamani ya ce yana son a gaya wa duniya nasa ba ya yoyo, ba ya ɗaukar fiye da kima, kuma kowa na samun rigar ruwa. Zai gwada mako guda, in ya ga amfani shi da ƴan'uwansa za su riƙe filin wata da watanni.

A nan zan faɗi abin da na ɓoye shekara arba'in. Ina tsoron ruwa, tsoro ba na wasa ba. Mu a Zabori ruwanmu a rijiya yake, da guga ake gaisawa da shi. Duk zamana a Gaya ban taɓa sa ƙafa a jirgi ba, ko gada in muna hayewa a mota gwiwoyina nake kallo har mu sauka. Saboda haka na bi Hamani bakin gulbi, na tsaya a kan tudu, na leƙa jirgin daga nesa, na ce ai na gani, lafiyayye ne.

Ya kalle ni ya yi murmushi. "Malam Ummaru, kowane jirgi lahiyayye ne in shina bakin gaɓa. Yoyo sai tsakiya, da kaya ciki. An ce mini kai ba ka yabon abin da ba ka gwada ba, shi ya sa na zo wurinka ban tahi wurin wani ba."

Ramatu ta ja ni gefe. "Baba, sau guda dai. Na rubuta, kai karantawa kawai za ka yi. Wa zai sani?"

Wallahi na so in yarda. Na yini ina juya abin. Amma man ja in ya zama ruwa, miya ce ta lalace. Jirgi in ya zama ƙarya, mutane ne a ciki, kuma muryata ce za ta sa su shiga. Washegari da hantsi na yi alwala, na sa salula da mikro a leda, na gaya wa mai ɗakina inda za ni. Ta bi ni da kallo har ƙofa, ta ce in na dawo in sayo mata kifi, in ban dawo ba ta yafe.

A bakin gaɓa na kunna mikro don in ɗauki ƙarar inji, in sa ta a bayan tallan in na koma ɗakin katifu. Hamani ya ɗaura mini rigar ruwa, ya zaunar da ni a tsakiya tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani tela. Jirgin ya motsa, ni kuwa hankalina ya tashi, na manta da wani mikro a duniya. Muka je, muka dawo, na sauka, na sayi kifin, na kai wa Ramatu salula na ce ta ciro ƙarar injin.

Ban kai ƙofa ba na ji ta fashe da dariya. Ashe abin bai daina ɗauka ba tun daga gaɓa har gaɓa. Ta kunna mini, sai ga muryar da Gaya ta sani shekara arba'in tana rawa kamar ta ɗan akuya.

"Hamani! Hamani, sannu-sannu, don girman Allah! La'ilaha illallahu. Mi ne ne wancan? Dorina ce?"

"Kututture ne, Malam Ummaru."

"Ruwa na shiga! Na ji sanyi ga ƙahwata!"

"Tumatir ne ka taka. Sa hannu ƙasa ka taɓa katakon."

Sai muryata: "A bushe shike."

"Ƙara taɓawa can gaba."

"Nan ma a bushe. Kai, a bushe shike ƙarau!"

Kafin wannan ma akwai inda wani mai babur da buhu huɗu yake roƙon a ɗauke shi, Hamani na ce masa jirgi ya cika, ya jira na gaba, ko nawa zai biya ba ya shiga. Can ƙarshe kuma ga ni ina sauke ajiyar zuciya ina cewa, "Alhamdu lillahi, mun iso. Ashe ana isowa."

Ramatu ta share hawaye ta ce, "Baba, ga tallan nan. Ba mu da wanda ya kai shi."

Na ce ko kusa. Ni da ake kira a ɗaurin aure in yi sanarwa, ni za a saka a wayar kowane yaro ina kiran dorina a kan kututture? Na shiga ɗakin katifu na yi mata talla mai kyau, murya a zaune, kalma a jere: jirgin Hamani ba ya yoyo, jirgin Hamani ba ya cika. Aka sa shi kwana huɗu. Shafin ya nuna mutane na tsallake shi tun a gaisuwa, don kowane mai jirgi haka yake faɗa da bakinsa a bakin gulbi. Hamani ya ce bai ga baƙuwar fuska ko guda ba. Ramatu ba ta sake roƙona ba, sai na ga ta fara haɗa takardunta a kwali. Ganin kwalin nan ne ya karya ni. Na ce mata, "Ɗiyata, sa shi. Amma ki cire wurin da na kira sunan uwata."

Ta yanke shi ya dawo sakan talatin, ta bar dorina, ta bar tumatir, ta bar mai babur, ta ƙare da "ashe ana isowa". Abin da na ƙara a ɗakin katifu layi guda ne, wurin da jirgin ke tsayawa da lokacin tashinsa.

Kafin la'asar na gane abin ya kama, don na bi ta tasha wani ɗan kabu-kabu ya ɗaga murya ya ce, "Baba, a bushe shike?" Tashar duka ta ɗauka. Kunya ta kama ni kamar in nutse, sai kuma na tuna nutsewar ce ba na so, na tsaya muka yi dariyar tare. Mutane suka riƙa buɗe shafin ba don farashi ba, don su ji ni, su tura wa dangi a Yelu da Dosso har Yamai. Ramatu ta ce tun da ta buɗe shafin ba ta taɓa ganin tallan da ake saurara har ƙarshe a sake komawa farko ba sai wannan. Kafin mako ya cika Hamani ya zo da ƴan'uwansa biyu, ita kuma ta mayar da takardunta cikin durowa.

Abin da ban hango ba shi ne, kowane mai jirgi da ya zo, sai na hau nasa. Na tona wa kaina rami ke nan. Na hau na mutum shida a wata biyu. Guda na taɓa ƙasansa a tsakiyar gulbi na ji ruwa har wuyan hannu, na ce wa mai shi ya je ya toshe ya dawo, ya yi fushi ya tafi, bayan sati uku ya dawo da sabon katako muka sake hayewa. Kada ku ce na saba. Har yau in jirgi ya bar gaɓa sai na kama salati.

Ranar da Hamani ya sayi jirgi na biyu, ya kira ni in gwada shi. Ina zaune a tsakiya na riƙe katako da hannu biyu, sai ga wata tsohuwa da ƙunshin kaya a ka, ta tsaya a bakin ruwa tana ƙare wa jirgin kallo.

"Kai ne Hamani na cikin waya?"

"Awo, Inna, ni ne."

"Wanda tsohon nan ya yi ta kururuwa cikin jirginka?"

"Shi ne, Inna." Ya ƙi kallon inda nake, kafaɗunsa na rawa.

Ta miƙa masa ƙunshin, aka ɗaura mata riga, ta zo ta zauna daf da ni. Ta ce daga Yelu ta taso tun da asuba. Ɗiyarta ta haihu a Malanbil wata huɗu ke nan, ba ta ga jaririn ba, don ita tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa shiga jirgi ba. "Sai anka kunna mini tallan ga. Na ce in wancan ragon namiji ya haye da ransa, ni mi zai hana ni?" Ta dubi hannuwana a kan katako, ta ce, "Kai ma tsoro kake ji, malam? Kawo hannunka."

Na san in na buɗe baki ta gane ni. Na miƙa mata hannu na yi gum. Haka muka haye, tana riƙe da ni tana ba ni haƙuri, tana nuna mini kututture tana cewa kada in damu, ba dorina ba ce. Hamani ya juya mana baya, ya rungume injinsa, hawayen dariya na zubo masa.

Da muka isa, surukinta na jira a gaɓa, ga ɗiyar tata a bayansa da jariri a kafaɗa. Tsohuwa ta miƙe, na riƙe ta har ta taka ƙasa, sai bakina ya suɓuce na ce, "Sauka lahiya, Inna."

Ta tsaya cak. Ta juyo ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta rufe baki da gefen mayafi. Na jira ta ba ni haƙuri a kan ragon da ta kira ni, amma ina! Ta kwance bakin zanenta ta ciro goro fari guda, ta danƙa mini a tafin hannu.

"Allah shi bar ka da tsoronka, malam," ta ce. "Shi ya kawo ni wurin jikana."

Ta juya ta hau gaɓa da sauri, hannuwanta a miƙe tun kafin ta isa wurin yaron.